Abin da ke kashe wa mai zane jiki a ɗakinsa

Yaron shago ya tambayi maigidansa, mai rubutun allon talla a Kano: "Maigida, a nan shago sai in wuni ina jan layi ban gaji ba, amma da na koma ɗaki na ɗauko takarda don in ƙara koyo, sai jikina ya mutu. Ko dai son zanen ne bai shige ni ba?"

Ɗana, kada ka yi saurin ɗora wa zuciyarka laifi. Hannun da ya wuni yana aiki a nan shi ne ka tafi da shi gida. Wurin ne ya canza, don haka wurin za mu bincika.

Fara da haske, domin shi ya fi cin mutum bai sani ba. Idon da ke fama da duhu yakan gaji da wuri, kai kuma sai ka ɗauka kasala ce. Tunda da dama kake zane, haske ya zo maka ta hagu. In ya zo ta dama, inuwar hannunka za ta kwanta daidai kan bakin fensir, kana jan layin da ba ka gani. Taga mai kallon arewa ta fi, don haskenta ba ya yawo daga hantsi zuwa la'asar. Amma a nan Kano akwai abu biyu da za ka kiyaye. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana karkatowa arewa, tana leƙo tagar da safe da yamma. Da hunturu kuma iskar tana busowa ne daga arewa maso gabas, ƙura a bakinta. Maganin duka biyun farin yadi ne marar kauri a jikin tagar: yana tace rana, yana rage ƙura. Da dare ka duba kwalin ƙwan lantarki kafin ka saya. Mai lamba 2700K haskensa ja-ja ne, fari da ruwan madara sai su zame maka ɗaya, shuɗi ya yi duhu, gari ya waye ka ga launin da ka haɗa ba shi ba ne. Nemi mai 5000K zuwa 6500K.

Sai zama. Na tabbata a kan katifa kake zane, takarda a cinya. Jiki ya san katifa da barci, kuma wuya a sunkuye ba ya jure aiki. Samu allon katako mai santsi, kamu ɗaya da rabi, ka tokare bayansa ya ɗago kamar taƙi ɗaya, ka manne kusurwoyin takarda huɗu da salatif. Allon da ke kwance shimfiɗe yana yaudarar ido, saman zanen ya fito da tsawo fiye da yadda ka nufa. Ka kuma bar filin taku uku a bayanka. Wanda ba ya iya ja da baya ya hango aikinsa ba ya ganin kyan abin da ya yi, kuskuren da ke gaban hancinsa kawai yake gani, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ka ajiye fensir.

Iska ba abin wasa ba ce. In ka buɗe gwangwanin fenti mai mai ko tina, wato ruwan tsinka fenti, a ɗaki mai ƙofa ɗaya, kanka zai yi nauyi, jiri ya biyo baya. Sai da mashiga da mafita, ƙofa da taga a buɗe. Fetur kuwa kada ka kusanto da shi ɗakin kwana, janareta kuma can waje nesa da taga, don hayaƙinsa yana kisa. Da bazara, ƙarƙashin rufin kwano, kada ka yi kokawa da zafin azahar. Daga idar da sallar asuba zuwa ƙarfe 10 ya fi maka wuni guda. Ka sa 'yar takarda ƙarƙashin hannunka don gumi kada ya dame layin fensir. In za ka taɓa fenti da hunturu, yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, kuma kada ka yi shara sai fentin ya sha iska. Da damina ka ba shafin fenti na farko kwana guda cur kafin na biyu, in ba haka ba ya yamutse.

Yanzu dubi teburin nan. Fensir a feƙe, buroshi an wanke da kananzir da sabulu, gwangwani a rufe ruf don kada fenti ya yi ɓawo. Kana zuwa sai aiki. A ɗaki kuwa kafin ka nemo reza, ka lalubo takarda a ƙasan akwati, abin da ya taso maka ya riga ya kwanta. Ware wa zane kusurwa guda da ba a naɗe ta. In za ka tashi, kada ka tashi a ƙarshen aiki. Bar harafi ɗaya da ka zana da fensir ba ka cike ba, gobe shi zai kira ka.

Mutane ma iri biyu ne. Wanda ke aikinsa shiru a gefenka yana ƙara maka ƙarfi, shi ya sa shago ke yi maka daɗi. Wanda ya tsaya a bayanka yana cewa "wannan ya karkace" tun layi bai kai ba, shi ke sa hannu rawa. Juya allonka yadda mai shigowa zai fara ganin fuskarka kafin aikin, waya kuma ta zauna inda sai ka miƙe za ka ɗauko ta.

Bangon da kake kallo kuma kada ya zauna fayau. Je Gidan Makama, ka tsaya gaban zanen bango ka bi dagi da ido, ka ga inda layi ya hau da inda ya nutse ƙarƙashin ɗan'uwansa. Dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zayyanar allon sauka. Kwafo biyu ko uku da hannunka ka liƙa daidai tsayin idonka, kana sauya su duk wata. Ranar Asabar ka zo mini da awon ɗakin da inda tagar take kallo, mu tsayar da inda allon zai zauna.