Amsa: Me ya kai tashar talabijin cikin makarantar sakandare?

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka je wani ƙaramin gari a gefen babban birni a Amurka, ka tarar tashar talabijin ɗin garin tana cikin makarantar sakandare, yara ne ma ke riƙe da kyamara, kana tambayar yadda aka yi haka. Na yi shekaru ina aikin sa-kai a irin wannan tasha, bari in ba ka abin da na sani.

Tushen maganar wayar kebul ce, wato wayar da ke kai shirye-shiryen talabijin gidajen mutane. Garuruwan nan bayan yaƙin duniya na biyu suka cika, irin su Levittown da aka soma ginawa a 1947. Manyan tashoshi kuwa suna cikin birni, ba sa leƙo gefe sai gobara ta tashi ko an yi kisa. Da kamfanonin kebul suka zo, ba su da hanyar jan waya sai ta titunan gari, wannan kuma sai da izinin hukumar garin. A 1972 hukumar FCC, mai kula da harkar sadarwa a Amurka, ta tilasta wa kamfanonin da ke manyan yankuna su ware tashoshi don jama'a, da ilimi, da harkar mulkin gari. Kotun ƙoli ta soke wannan a 1979, amma dokar kebul ta 1984 ta bar wa garuruwa ikon sa ware tashoshin cikin sharaɗin ba da izini, har su karɓi abin da bai wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanin ba.

To ga tasha, ga 'yan kuɗi, ina za a kafa ta? Makaranta ce ke da ɗaki, da wuta, da yara masu ɗokin taɓa na'ura ba sai an biya su ba. Kuma abin da mutanen gari ke son kallo can yake faruwa: wasan ƙwallo na daren Juma'a, bikin yaye ɗalibai, zaman hukumar makarantu inda ake ta cacar baki kan haraji. Ni a ganina wannan zaman ya fi komai daraja, duk da babu mai iya kallonsa har ƙarshe bai yi gyangyaɗi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kaset. Na buɗe wani sito na tarar da kwalaye cike da kaset ɗin bidiyo irin su U-matic da VHS, wasu sun yi danshi, kana sa su a na'ura sai su manne. Da yawa an ɗora sabon ɗauka a kan tsoho saboda tsadar kaset a lokacin. Wata tsohuwa ta zo neman bikin yaye ɗanta da ya rasu, muka samu kaset ɗin da rubutun shekarar a jiki, muka kunna, sai ga wasan ƙwallon kwando na wata shekarar daban. Ban san abin da zan ce mata ba.

Yanzu mutane suna yanke kebul suna komawa intanet, kuɗin na ta raguwa, tashoshi da dama sun koma YouTube. In tsofaffin hotuna kake nema, fara da ɗakin karatu na garin, sannan ka nemi malamin da ya riƙe ɗakin ɗaukar shirye-shirye kafin ya yi ritaya. Sau da yawa kwalayen suna garejinsa.