In sayi aladu su share mini lambu, ko in kira 'yan ƙwadago?

Tambaya: Ina sayar da kayan miya a Kafanchan. Marigayi maigidana ya bar mana lambu a bakin rafi, an daɗe ba a noma shi ba, tofa da jiji sun cinye shi. An ce in sayi 'yan aladu in zuba su tone ciyawar, daga baya in sayar da su. Lissafin zai fita?

Amsa: Mama, sannu da ƙoƙari. Wanda ya ba ki shawarar bai yi ƙarya ba. Alade da hanci yake noma, kuma abin da yake bi a ƙarƙashin ƙasa shi ne wanda ya gagari fartanya, wato saiwar tofa da 'ya'yan jiji, waɗanda ko an sare kansu sai sun sake tsirowa.

Sai dai ki tambayi kanki, dama kina da niyyar kiwon aladu? In babu, ki kira 'yan ƙwadago ki huta. Ciyawa ba ta sa alade ƙiba. Kullum sai kin ba shi dusa da ruwa, ki yi masa inuwa, don ba ya jure zafin rana. Babban mai cin kuɗin kuwa shinge ne. Na kara ba ya riƙe alade, ta ƙasa zai tona ya fita, kuma ranar da ya faɗa gonar rogon maƙwabci, diyyar kaɗai ta cinye ribar.

In kuwa kina son kiwon, kada ki sake su a filin gaba ɗaya, sai su tone inda suka ga dama su bar sauran. Ki killace ɗan yanki, su gama da shi, ki matsar da shingen gaba. Ki guji tsakiyar damina, domin takunsu a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana daddaɓe ta ta yi tauri.

Kashinsu taki ne, amma ɗanyensa na ɗauke da ƙwan tsutsar ciki. A Amurka, ƙa'idar noman da ba a sa sinadari ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa. Saboda haka masara za ki fara sawa, latas da karas su jira.

Wajen sayarwa kin yi sa'a, kasuwar aladu ta Katsit na kusa da ke, tana ci ranar Alhamis. Wajen saye kuwa, gara gidan mai kiwon da kika sani. Zazzaɓin aladu na Afirka ba shi da magani, in ya shiga garke yakan share shi.

Sannan ki duba masu sayen kayanki. In Musulmi ne suka fi yawa, labarin alade a lambu zai kai kasuwa kafin tumatir ɗinki ya nuna, wasu kuma za su koma teburin maƙwabciyarki.