Shin 'ya'yan da aka ɗaure mahaifiyarsu marayu ne?

Wata ɗaliba da ke nazarin wani ƙagaggen labari ta aiko da tambaya. A labarin an yanke wa uwa hukuncin zaman kurkuku, aka bar 'ya'yanta uku a hannun kakarsu. Tana son sanin kalmar da ta fi dacewa da wurin da aka tsare uwar, da ko ya halatta ta kira yaran marayu, da kuma karin maganar da zai dace da halin da iyalin suka shiga.

Malama, batun wurin ba shi da wahala. Kurkuku ita ce kalmar da kowa ya sani. Gidan yari ya samo sunansa daga Yari, wato mai riƙe da sarautar kula da ɗaurarru a tsarin masarautu. Gidan kaso an fi jin sa a Nijar, domin daga Faransanci aka aro shi, kamar yadda aka aro fursuna daga Ingilishi. Gidan gyaran hali kuwa ya yaɗu ne bayan dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yarin Nijeriya a 2019. Akwai kuma gidan maza, wanda sakaya magana ne, amma idan aka ce mace tana gidan maza sai mai karatu ya yi tuntuɓe, don haka ina ba ki shawarar ki bar shi.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi. Maraya a Hausa shi ne wanda mutuwa ta raba da uba ko uwa, a fiƙihu ma an taƙaita shi ga wanda uba ya rasu ya bari kafin ya balaga. Yaran labarinki uwarsu tana raye, ana kai mata ziyara, ana ƙidaya ranakun fitowarta, saboda haka kiran su marayu kuskure ne, har ma yana ɓoye abin da ya fi ciwo a lamarinsu. Maraya jama'a suna yi masa ta'aziyya, suna shafa kansa don neman lada, alhali ɗan wadda aka ɗaure sau da yawa nuna shi ake yi da baki, ya riƙa ɓoye inda uwarsa take. Idan kina neman lafazin da zai kama wannan hali, ki duba ɗaurin talala. Asalinsa dabbar da aka ɗaure da doguwar igiya ce, tana kiwo tana zagayawa, amma ba ta wuce iyakar igiyar. Kina iya cewa an ɗaure uwa a ciki, an yi wa 'ya'ya ɗaurin talala a waje, muddin kin nuna cewa siffantawa kike yi.

Game da karin magana, ki guji "babu maraya sai rago", domin zaburarwa ce ga neman na kai, kuma mun riga mun cire maraici daga zancen. Wanda ya fi dacewa shi ne "hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar". Ki lura cewa karin bai musanta ruɓewar ba, wato bai wanke uwar daga laifi ba, ya dai hana a yar da ita. A bakin kakar zai fi zama daidai, lokacin da babbar jikarta ta ƙi zuwa ziyara.