Labaran ƙagaggun al'ummomi: duba ne ko gargaɗi?

Ka tambaya ko marubutan da ke ƙaga al'umma mai kamala, ko wadda zalunci ya dabaibaye, duba suke yi, wato hasashen abin da zai faru nan gaba. A ganina hannunka mai sanda suke yi wa mutanen zamaninsu. A littafin Utopia na 1516, Thomas More ya siffanta tsibirin da ake ƙera sarƙar bayi da zinariya, domin ya caccaki kwaɗayin manyan Ingila, inda a lokacin ake rataye ɓarawon da yunwa ta tura sata. George Orwell kuwa, a littafinsa 1984 da ya fito a 1949, salon mulkin Stalin, shugaban Tarayyar Soviet na lokacin, ya kai maƙura: allo a bango yana sa wa mutum ido, ma'aikaci kuma yana sauya tsofaffin jaridu don su dace da maganar gwamnati ta yau.