Karatunka da Turanci ne, amma ka fara Jamusanci kafin ka taso

Ƙanenmu, mun ga tambayarka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a Jamus, darussan duka da Turanci za a yi, to ko koyon Jamusanci ba ɓata lokaci ba ne? Muna taya ka murna, Allah ya sanya albarka. Shawararmu ita ce ka fara tun yau. Turanci zai fisshe ka a aji da ɗakin karatu, amma yarjejeniyar hayar ɗaki, wasiƙun ofishin baƙi da takardun inshorar lafiya galibi da Jamusanci za su zo maka. Abin da ya fi damunmu kuwa, wanda bai jin yaren yakan gama shekara biyu yana yi wa mutanen gari mummunar fahimta, su ma suna yi masa.

Dubi kalmar "kai". Jamusanci yana da biyu: du ga abokai, dangi da yara, Sie ga malami, jami'in gwamnati, mai gidan haya da duk babban da ba ka saba da shi ba. Ɗalibai a junansu du suke faɗa tun ranar farko. Da sauran mutane kuwa, babba a shekaru ko a muƙami shi ke ba da izinin komawa du, kuma ranar da ya ba ka, ya buɗe maka wata ƙofa ke nan. Wanda Turanci kawai yake yi ba zai san an buɗe ba, balle ya gode.

Haka kalmar Freund. Ba kowa Bajamushe ke kira aboki ba. Wanda kuke gaisawa ko kuke aiki tare Bekannter ne ko Kollege, wato idon sani ko abokin aiki. Baƙo yakan ɗauki wannan a matsayin ƙyama, alhali kalmar ce ke da nauyi a wurinsu: wanda ya kira ka Freund ya ɗauki alkawarin tsaya maka. Idan ka gane haka, za ka daina jin haushin jinkirinsu, ka ba zumuncin lokacinsa.

Lokaci ma yana da tarkonsa. Halb drei ƙarfe biyu da rabi ne, domin suna nufin an ci rabin hanyar zuwa uku. Wanda ya ji drei ya ɗauka uku da rabi ya makara da awa guda cur, kuma Termin, wato lokacin ganawa da ofis ko likita ya ba ka, idan ya wuce, samun wani na iya ɗaukar makonni. A jadawalin jami'a za ka ga c.t. ko s.t. bayan lokaci. Na farko yana nufin za a fara minti 15 bayan abin da aka rubuta, na biyu kuma daidai kan lokacin. Wajen lambobi, ƙaramar ake fara faɗa: 21 "ɗaya da ashirin" ne, saboda haka ka nemi a rubuta maka lambar waya ko ta gida.

Akwai abin da ya fi waɗannan zurfi. A gefen titunan birane da yawa za ka ga ƙananan faranta na tagulla a dashe cikin ƙasa, ana ce musu Stolpersteine. Yawancinsu suna farawa da Hier wohnte, wato "nan ne mazaunin wane", sai suna, shekarar haihuwa, da inda 'yan Nazi suka kai mutumin. Wanda ba ya karanta yaren zai taka ya wuce. Wanda ya tsaya ya karanta zai gane dalilin da ya sa ba a wasa da wasu kalmomi da alamomi a ƙasar nan, har doka ta hana wasu.

To, yaya za ka yi? Matakan iya yaren shida ne, daga na farko zuwa na ƙoli: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Kwas ɗin da gwamnati ke shirya wa baƙi yana ware darasi 600, kowanne minti 45, daga farko zuwa B1. A wannan ma'aunin A2 zai ci maka kusan awa 300, wato awa biyu kullum na wata biyar. Ka sa A2 a gaba kafin tafiya, B1 a ƙarshen shekarar farko. B1 ɗin ne kuma ake nema wajen zama ɗan ƙasa, idan wata rana ka yi wannan niyya. Cibiyar Goethe tana koyarwa tana kuma ba da shaidar jarrabawa, DW tana da darussa kyauta a intanet. Bayan ka iso, akwai cibiyar harsuna ta jami'arka da makarantar manya da ake kira Volkshochschule.

Kurakuran da suka fi kama mai jin Hausa sanannu ne. Na farko p da f: Pass fasfo ne, Fass ganga ce, don haka ka ware minti biyar kullum kana maimaita irin waɗannan. Na biyu cusa wasali tsakanin baƙaƙe a kalma kamar Herbst. Na uku haddace suna ba tare da jinsinsa ba. Jinsi uku ne, der, die, das, kuma in ba ka haddace su tare da sunan ba, jimlarka za ta riƙa karyewa tun daga A2. Kana da riba ɗaya: kunnenka ya saba da dogon wasali da gajere, shi ya sa bambancin Stadt, birni, da Staat, ƙasa, ba zai ba ka wuya ba.

Matsala mafi girma tana jiranka bayan isowa. Da sun ji kana inda-inda, da yawa za su juya zuwa Turanci don su sauƙaƙa maka, kai kuma sai ka bi, yaren ya tsaya cik. Ka haddace wannan: Bitte auf Deutsch, ich lerne noch, ma'ana don Allah da Jamusanci, ina kan koyo ne. Sannan a makon farko ka nemi shirin Tandem a jami'arka, inda ake haɗa mutum biyu su yi musayar yare. Ku tsayar da awa ɗaya a mako, rabi nasa rabi naka, kuma ka roƙe shi ya riƙa gyara maka kuskure nan take.