An sallame ni daga kamfanin Hajji da Umara, in zuba ajiyata a sabuwar sana'a?

Tambaya (a shekarar 2020): Salamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin jigilar alhazai a Kano, korona ta sa aka sallame mu. Ina da ajiyar naira 400,000, abokina ya ce in zuba duka a sarin takunkumin rufe baki da hanci. Barci ya ƙaurace mini, ko uwargida ban faɗa wa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kawo mafita. Kada ka zuba kuɗin nan yanzu. Takunkumi kowane tela yana ɗinkawa, kasuwarsa ta cika. Amma abin da ya fi damuna rashin barcin nan ne, domin wanda ya kwana yana juyi ba ya lissafi daidai, duk wanda ya zo masa da zance mai daɗi sai ya miƙa masa jari.

Ka sani ba sakacinka ba ne. Saudiyya ta dakatar da Umara a ƙarshen Fabrairun 2020, Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje a watan Maris, Hajjin 2020 kuma mazauna Saudiyya kaɗai aka bari. Babu ƙwazon da zai tsallake wannan.

Ka faɗa wa uwargida yau. Ɓoyon nan yana cin ka, yana kuma cin kuɗin, tunda cefane na tafiya kamar albashi na shigowa. Ku zauna ku ware na abinci, haya da magani na wata shida, a bar shi. Ragowar ne jari, shi ma kaɗan-kaɗan. Kana da lambobin alhazan da ka yi wa biza da tikiti, sun yarda da kai. Gwada su da jallabiya, turare ko dabino, ka karɓi oda kafin ka sara. Rancen korona na naira biliyan 50 da Babban Banki ya fitar a 2020 ta bankin NIRSAL bashi ne da ake biya, ka dakata da cin bashi tukuna.

Idan rashin barci, ƙin abinci da ƙuncin zuciya suka wuce mako biyu, je ka ga likita. Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba hauka ba ne, kuma bai hana addu'a. In har tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka kwana da shi, ka kira ɗan'uwa ya raka ka asibiti a ranar.