Amsar Kawu kan zuba dal da ban ruwa

Ɗana, na ga saƙonka, Allah ya yi albarka. Ka ce magininka ya sa ranar zuba dal, wato rufin kankare, na gidanka na unguwar Zariya a Maradi, kana tambaya ko girkin da ake yi wa ma'aikata, da yankan rago, da ban ruwa safe da yamma, da jiran kwana 21 kafin a cire katako duk al'ada ce da za ka iya tsallakewa don rage kashe kuɗi. Ka haɗa abubuwan da ba ɗaya ba ne, bari in warware maka su.

Ban ruwa ba al'ada ba ce, shi ne ran aikin. Mutane na zaton kankare bushewa yake yi ya yi ƙarfi, alhali siminti ruwa yake sha yana ƙara tauri a hankali, sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Idan rana ta zuƙe ruwan tun a kwanakin farko, ƙarfin da ya rasa ba duka yake dawowa ba. Ka san Maradi a watan Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, kuma iskar hunturu ma ɓarawon ruwa ce, ba ka ganin zufa amma tana busar da komai. Saboda haka da zarar saman ya kama har yatsa ba ya lotsa shi, a fara yayyafi. A shimfiɗa tsofaffin buhunan algarara a jiƙa su, ko a yi kunya da yashi a gefe-gefe ruwa ya kwanta kamar fadama. Mako guda cur, mafi ƙaranci, in ka samu hali ka kai biyu. Ka ɗora wa mutum guda wannan aikin, ka cika tano tun jajibiri, kada ka dogara da famfo.

Ni na ɗanɗana. Lokacin da na zuba ɗakin innarku, tafiya ta kama ni zuwa Jibiya, yaron da na bar wa ban ruwa ya yi kwana biyu ya watsar. Da na dawo na hau sama na ga tsaga siriri-siriri kamar bayan busasshen tabki, na goga ƙafa gari na tashi. Damina ta farko muka kwana muna tara kwanoni. Har yau in hadari ya haɗo sai gabana ya faɗi.

Kafin ranar kuwa, ka hau da ƙafarka ka duba. Rodi kada ya kwanta kan katako, a ɗaga shi da 'yan ƙananan guntayen kankare kamar santimita 2 zuwa 3, don ya lulluɓe, in ba haka ba tsatsa ta ci shi. Bututun wayar lantarki su shiga tun yanzu. Matokarai su tsaya kan ƙasa mai tauri, ka girgiza kowanne da hannu. Yashin gulbi ka damƙa a tafinka, in ya bar maka laka, ba shi ba ne. Buhun siminti, na masana'antar Malbaza ne ko wanda ya shigo daga Najeriya ta iyakar Ɗan Isa, in ya yi dunƙule-dunƙule a mayar. Awon da muka saba shi ne buhu ɗaya mai kilo 50, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, wato wajen buhu 7 a kowace mita kub ta kankare (mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi). Ka sa ido kan ruwan kwaɓi, don lebura in ya gaji yakan tsinka shi ya yi sauƙin ɗauka, kuma nan ƙarfi ke zubewa.

Girki al'ada ce, amma mai dalili. Dal ba ya son a tsaya. In aka tafi neman abinci wanda aka zuba ya kama, sabon ba zai haɗe da shi sosai ba, nan ne yoyo ke samun hanya. Shi ya sa ake farawa bayan sallar asuba, a yi Bismillah, a kawo shinkafa da wake da hura har bakin aiki, ana ci ana karɓa-karɓa. Asalinsa gayya ce, yadda iyayenmu ke taruwa yaɓen soro. Mutumin da ya wuni yana hawa tsani da kwanon kankare a ka ya cancanci ya ƙoshi a gidanka. Rago kuwa ba dole ba ne. In kana da hali ka yi sadaka don Allah, maƙwabta su ci su yi maka addu'a. Zuba jini a ginin don wai kada ya rushe, wannan kada ka bari a yi maka shi.

Kwana 21 ɗin nan kuma kada ka taɓa. Katakon gefe ana iya cire shi bayan 'yan kwanaki, amma na ƙasa da matokarai su zauna, ko mai hayar katako zai yi ta sintiri a ƙofarka. Kada a jibge bulo a sama kafin lokacin.

Ka sanar da ni ranar tun da wuri, in Allah ya yarda zan zo in tsaya wajen kwaɓi. Ka gaida mai ɗakinka da yara.